Fatun Kawu da Kwalbatin Garinmu

Ana sallame sallar asuba muka tashi, ni da kawuna, a akori-kura cike da fatun layya. Shekara da shekaru shi yake bi gida-gida yana tara fatun ƙauyukanmu, ya zuba musu gishiri, ya kai kamfanin jima a Chalawa, cikin Kano. Bana ya ce in raka shi, wai in ga inda arzikin jiha yake tafiya, tunda kullum bakina ba ya hutawa da cewa birni ya cinye komai.

Ba mu yi nisa ba muka tarar ruwa ya tafi da kwalbatin bakin gari. Nan muka yini muka kwana, sai da aka cike wurin da duwatsu washegari muka wuce. Ita kuwa ɗanyar fata ba ta san haƙuri ba. Kawu yana ta ɗaga tamfol yana shinshinawa.

Da muka shiga Kano sai ga gadojin sama, wata kan wata, kwalta sumul. Na ce, "Kawu, ga kwalbatinmu can an ɗaga shi sama." Ko murmushi bai yi ba. A Sharaɗa muka ci gurasa da ƙuli, kuɗinta ya sa na tauna a hankali. Ma'aikata na ta sauka daga adaidaita sahu, amma ƙofofin kamfanoni da yawa a garƙame, har ciyawa ta fito a bakinsu.

Chalawa kam hanci ne yake fara sanin an iso. Mai tantance fata wani mutumin Filato ne, Hausarsa tas. Sai ya kama gashin fata ya ja. In gashin ya biyo hannunsa, ta lalace. Wallahi duk jan da ya yi sai na ji a ƙirjina. Kusan rabi ya ture gefe.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji shi. "Fatunku sun fi na kowa kyau, sai dai a makare suke zuwa. Mu ma nan an rage mana ranakun aiki, babu isasshiyar fata. Ƙanena a Bompai yake ɗinkin takalma, shi ma zaman jira yake."

Ashe kwalbatinmu har cikin birni yake hana mutane cin abinci. Masu raba kuɗin ayyuka suna kallon birni daban, ƙauye daban, alhali mota ɗaya ce take bin hanyar tun daga can har nan.

Kawu ya ce a zubar da ruɓaɓɓun, sai guda ɗaya da ya naɗe a buhu. Da ita muka dawo gida, muna ta sauke gilashi. Da muka iso kwalbatin na tambaye shi me zai yi da ita.

Ya ce, "Takarda uku muka rubuta wa ƙaramar hukuma a kan wurin nan, duk suna cikin durowa. Gobe wannan zan ajiye musu a kan tebur. In sun iya, su sa ta a durowa."