Dutsen Kabarin Hulda

"Kun ji wata Ba'amurkiya ta sauka a motar safe?"

"Wata kuma? Su dai kowa kakansa ɗan garin nan ne."

"To ai rabin garin ne ya tafi. Kai ma da kakanka bai ji tsoron ruwa ba, da kana can kana taunar cingam."

"Ku bar wasa. Wannan da tokar gawar kakanta da aka ƙona ta zo a jaka. Kusa da uwarsa za a binne shi, wai wata Hulda Holmquist."

Folke Rydell, da ke teburin baya a shagon gahawa, ya ajiye kofinsa bai shanye ba.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kula da maƙabartar cocin wannan ƙauye na yankin Småland. Bai yi aure ba, bai taɓa shiga jirgi ba. Ƙannen kakansa uku ne suka tafi Minnesota ta Amurka lokacin yunwa, wasiƙunsu suka yi ta raguwa har suka ɗauke, kakarsa ta mutu tana leƙen akwatin gidan waya. Shi ya sa ba ya sakar wa Amurkawa fuska. In sun zo da kyamara suna kuka a gindin kangon gidajen kakanninsu, sai ya ci gaba da sharar ganyensa.

Ƙa'ida kuwa ya san ta kamar sunansa. Kabarin da wa'adin hayarsa ya cika, a kafa masa ɗan allo, a aika wa dangi takarda. In shiru, a cire dutsen, a ba wani wurin. Takardar Hulda ta je Amurka ta dawo ba a buɗe ba. Da hannunsa ya tumɓuke dutsen, shekara ashirin da suka wuce. Da ya ga shimfiɗaɗɗe ne mai kyau, sai ya kife shi a ƙofar ɗakin shebur, ya zama matakala. Kullum sai ya kankare taɓon takalminsa a kai.

A nan Ba'amurkiyar ta same shi da hantsi, doguwa, rungume da jaka.

"Sannu da aiki, Kawu. Ni ce Marlene."

Folke ya ɗago kai. Yaren kakanta take yi, tsohon yaren ƙauye, da kalmomin da rabonsa da jin su tun rasuwar kakarsa.

"Na zagaya sau uku ban ga kabarin Hulda ba," in ji ta. "Kaka ya ce kusa da katanga take, an zana tsuntsu a dutsen. Yana ɗan shekara tara ya taɓa shi, washegari suka tafi. Har ya rasu yana cewa, 'Mutanenmu ba sa yar da nasu.'"

"Haka ya ce?"

"Kullum. Har mukan tsokane shi."

Ta hau matakalar don ta hango bayan katanga.

Folke ya duƙar da kai. Zai iya tura ta ofis, su nuna mata takarda, magana ta mutu. Ba wanda ya san inda dutsen yake sai shi. Ya dubi fararen takalmanta a kan taɓon da ya kankare jiya. Ya cire hularsa, ya jawo dogon ƙarfen da yake tumɓuke duwatsu da shi.

"'Yata," ya ce, "don Allah sauko daga nan. Ajiye Kaka a kan benci, ki zo ki kama mini mu juya dutsen nan."