Marin da Ƙanwata Ta Yi Mini

Duk sa'ad da na ji ana ɓarar gyaɗa, ƙanwata nake tunawa. Da ƙwayar gyaɗa ta koya mini lissafin rabawa, a gindin rumbun kakarmu a Madarumfa, lokacin kaka, iskar tafki tana kawo ƙarnin kifi.

Mu biyu aka ɗauka lakwal, wato makarantar boko, daga gidanmu, a zamanin Nasara. Na girme ta, amma aji ɗaya aka sa mu. Lissafi gare ta kamar shan ruwa ne. Ni kuwa sai na yi gumi.

Kai mai karatu, wataƙila ba ka tarar da wannan al'ada ba: in mushe, wato malaminmu, ya yi tambaya, wanda ya ci shi ke marin waɗanda suka faɗi. Wata rana na faɗi, ita ta ci. Mushe ya ce ta mare ni. Ta tsaya a gabana. Ya ɗaga bulala, sai ta taɓa kumatuna a hankali.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Kaka ba ta buge ta ba. Ta dai ce, "Ke ƙanwa ce. Hannun da ya hau fuskar wa ba ya albarka."

Daga ranar ba ta sake ɗaga hannu a aji ba. A gida kuwa ta ci gaba da jera mini gyaɗa.

Da aka kai mu Maradi jarrabawar shiga kwaleji, na ci da kyar, ita ta faɗi lissafi. Mushe ya girgiza kai ya ce kan 'yan mata ba ya riƙe lissafi. A hanyar komowa na tambaye ta. Ta ce, "Yaya, in na ci kai ka faɗi, wa za a ce in mara?"

Ban gama kwaleji ba. Lissafi ya kore ni, don babu mai jera mini gyaɗa.

Bara ta rasu a garin Gabi. Yanzu an daina marin nan, jikokinmu mata suna zuwa lakwal. Amma har yau nakan ji a rediyo ana cewa maza sun fi mata lissafi a jarrabawa. Sai in kashe rediyon. Wadda za ta ba su amsa tana ƙarƙashin ƙasa.