Gaisuwar da ta kusa ruɓar da albasar abokina

Shekarun baya kaɗan na kusa jefa abokina cikin hasarar noman shekara guda, kuma ba da mugunta ba, da ladabi. Ku da kuke bina a nan kuna cewa wai na iya talla, bari ku ji inda na samo iyawar. Ba a lakwal ba ne, makarantar boko. Aji uku na yi, malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, munka rabu lafiya.

Ni dillalin albasa ne. Tun ina saurayi nake tsaye bakin kwalta tsakanin Konni da Malbaza, ina haɗa manomi da mai kamyo, wato babbar motar kaya. Da babbar waya ta shigo hannuna sai aiki ya yi sauƙi. In ɗauki hoton buhu, in sa a shafina, kafin la'asar wani daga ƙasashen gabar teku ya kira. Shekara biyu ina haka, har na fara tafiya kamar ni na ƙera wayar.

Abokin nan nawa manomi ne a wani ƙauye gefen Malbaza, tare munka yi ƙuruciya. Waccan shekarar albasarsa ta yi kyau irin wanda bai taɓa gani ba. To lokacin cira kowa na fitar da tasa, kasuwa ta cika, kaya sunka yi arha. Ya zo ya ce mani zai sayar haka nan ya huta. Ni na hana shi.

Na ce, "Zuba ta a rudu." Rudu shi ne rumbun karan da muke ajiye albasa ta sha iska. "Ka ba ni wata biyu. Masu saye suna nan cikin aljihuna."

Ya dubi aljihun, ya dube ni. Ya ce, "Abincin gidana ke nan fa, har wata shekara."

Na ce, "Na sani. Kamyo zai zo har ƙofar rudunka."

Ya zuba.

Abin da ban sani ba, masu manhajar da nake talla a ciki sun sake tsarinsu ina barci. Da lokaci ya yi na sa hoto, shiru. Na sa wani, shiru. Na ce rezo ne, sabis ɗin waya ba ya kamawa. Na sayi mega, wato data, na ƙara, na kai wayar wurin mai gyara ya hura mata iska ya karɓi kuɗina. Har maƙiya na zarga. Sati biyu babu kira ko ɗaya, ga hadari ya fara haɗuwa gabas da marece, kuma duk wanda ya san albasa ya san ita da danshi ba sa zama ɗaki ɗaya. Abokina kullum da safe sai ya kira ni. Ba ya tambayar albasa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, to sai an jima. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, tana aure a Illela. Turaren wuta da lalle take sayarwa ta waya, kuma tana cikin wani rukunin mata 'yan kasuwa da ke gaya wa juna duk abin da ya canza. Tun muna yara bawanta take kirana, ni kuma in ce mata baiwata. Munka haɗu wurin wani suna a Konni, ta ga fuskata, ta ce, "Bawana, wa ya ci maka tuwo?"

Na gaya mata. Ta ce ai an daɗe da barin hoto. Yanzu gajeren bidiyo suke turawa gaba, har ga mutanen da ba su san ka ba. Kuma wurin nema, inda mutum ke rubuta abin da yake so, ya fara jin abin da ka faɗa da bakinka cikin bidiyon. Ka faɗi sunan kaya, ka faɗi gari, mai nema ya same ka.

Na ce, "Magana ce kawai? Ai a bakin nan nake ci."

Washegari na sa babbar rigata ta Juma'a, na kafa hula, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. Munka aje kujera gaban rudu, abokina ya riƙe waya. Na gyara murya. Na yi sallama, na yi salati. Na gaida malamai da dattawa. Na tambayi jama'a kwana, na tambayi gajiya, na tambayi iyali da yara da masu jiki. Na gaida mutanen Konni, na gaida na Malbaza, na Illela, da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka. Ina cewa "to, abin da ya kawo ni," lokacin bidiyon ya cika.

Abokina ya sauke waya ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Amma ka manta mutanen Tajaye. Surukaina na can."

Munka sake, da Tajaye a ciki.

Guda biyar na yi irin wannan cikin sati. Wanda ya fi samun kallo, mutum tara sunka gani. Uku ni ne.

Sai ruwan farko ya sauka. Kwana biyu bayansa na je ƙauyen, abokina ya shiga rudu ya fito da kwano cike da albasar da ta yi laushi, ya aje gabana, ya koma ya zauna. Warin nan har yau ban manta shi ba. Kwano ɗaya ne, amma ruɓa ba ta tsayawa a kwano ɗaya.

Daga nan ban koma gida ba, Illela na wuce. Ranar kasuwa ce. Na sami taubashiyata a rumfarta, na miƙa mata waya na ce, "Ga shawararki. Na yi bidiyon, ba abin da ya zo."

Ta kunna. Ta kalla kaɗan, sai kafaɗunta sunka fara rawa. Kafin in kai ga mutanen Malbaza ta kwanta kan buhun lalle tana dariya, kallabi ya zame. Maƙwabciyarta ta leƙo, ita ma ta kama.

Ta ce, "Bawana, wa ya rasu? Wallahi na zaci sanarwar jana'iza za ka yi. Ina albasar?"

Na ce, "Tana bayana, cikin rudu."

"To mai saye aljani ne da zai gani ta cikin kara? Su masu manhajar nan farkon bidiyo suke dubawa. In mutane sunka tsaya, su tura shi gaba. In sunka shafe shi da yatsa, su binne shi. Kai kuma kafin ka gama tambayar gajiya, mutum ya wuce bidiyo goma."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wato in faɗa gidan mutane ba gaisuwa, kamar akuya? Ba haka anka rene ni ba. Ke ma gida ɗaya munka fito."

Ta ɗaura kallabinta ta ce in biyo ta. Ta kai ni bakin hanya inda motoci ke rage gudu. Wata mota ta taho, mata masu talla sunka ruga, wagga na ɗaga ƙwai, waccan na ɗaga gyaɗa, kowa na kiran sunan kayanta. Motar ba ta ko tsaya sosai ba, an yi ciniki ta taga, ta wuce.

Ta ce, "Wacce ka ji ta tambayi direba iyali?"

Na ce ba ko ɗaya.

"Marasa tarbiyya ne?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To wayar nan ba zaure ba ce, bakin hanya ce. Kai da ka tsufa a bakin kwalta ni zan gaya ma? Mai wucewa kaya ake nuna mashi. Wanda ya sauko, shi ake shimfiɗa wa tabarma."

Abin ya shige ni, amma ban so ta gani ba. Na ce sallama dai ba zan bari ba ko albasar duniya za ta ruɓe. Ta ce, "Sallama ɗaya tak, kuma kana yi hannunka na aiki. Ka cire rigar nan, ba ɗaurin aure za ka ba."

Da sassafe ni da abokina munka fitar da albasar, munka tsince duk mai laushi munka ware. Munka cika buhu ɗaya har da hularsa, wato tulin da ake ɗinkewa a saman buhu. Kun san halinmu, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Na ce yau ba haka ba, yadda ta zo haka za ta shiga. Ya riƙe waya. Na sa wuƙa na yanke igiya, na kife buhun gaba ɗaya kan tabarma, albasa na gangarawa har ƙafafunsa. Na ce, "Salamu alaikum, albasar ƙasar Malbaza, ga ta daga hula har gindi." Na ɗauki ɗaya na tsaga, ja jawur, ruwanta ya tsarto mani a ido. Ina hawaye na faɗi sunanta da Faransanci yadda baiwata ta koya mani, na faɗi inda muke, na ce kamyo na shiga har ƙofa. Shi ke nan.

Abokina ya sauke waya a hankali. Ya ce, "Ko liman ba ka gaida ba."

Na ce, "Na sani." Ji nake kamar na fita kasuwa ba wando.

Kafin azahar wayar ta yi zafi a aljihuna. Wasu tambaya kawai suke, wasu dariyar hawayena suke. Sai ga kiran wata hajiya daga gabar teku, da Hausarta irin ta mutanen zango. Ta ce albasa ta rubuta a wurin nema, sai ga wani tsoho yana kuka kan tabarma. Na buɗe baki zan fara maganar buhu nawa take so, ta katse ni.

Ta ce, "Malam, gaggawar mi? Ina kwana tukuna. Ina iyali? Ya ruwa wajenku?"

Sai da ta tambayi matata, da yara, da mai gonar, da iyalin mai gonar. Ni da na sha faɗa kan yawan gaisuwa, ga ni na ƙagara a zo ga albasa, ita kuwa ko a jikinta. Abokina na gefe yana ji, ya toshe baki da hula, idonsa har ruwa yake. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ruwan farko.

Kwana huɗu bayan nan kamyo ya shigo ƙauyen, yana karya rassan itacen bedi, ya tsaya ƙofar rudu. Abin da ya lalace bai kai buhu uku ba. Sauran duka anka loda. Matan gidan sunka yi guɗa, abokina ya yanka zabi biyu, munka ci har na kasa hawa kabu-kabu da kyau. Taubashiyata na aika mata buhu guda, ta aiko a gaya mani wai bawa ya fara hankali, amma da saura.

Wani dattijon unguwarmu ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce ya gan ni a wayar jikarsa ina zubar da albasa ban gaida kowa ba. Ban yi gardama ba. Da marece na je har gidansa, na zauna ƙasa, na gaishe shi gaisuwar da ta kai ta bidiyo biyar.

Yau ga ni, gwiwa ta fara ciwo, ido sai da gilashi. Masu manhajar nan ba sa zama wuri ɗaya, ka koyi abu bana, baɗi su juya shi, kuma ba wanda zai zo ya gaya maka. Na gaji da su, gaskiya. Amma na daina zargin rezo da maƙiya. In shafi ya yi shiru, tambaya nake mi ya canza, ko da wurin wadda za ta yi mani dariya a gaban kasuwa ne. Girman kai ya fi danshi saurin ruɓar da kaya.

Abokina kuwa, bana ma ya zuba albasarsa a rudu. Bai ko tambaye ni ba. Sai da ya gama ɗaure ƙofar ya kira ni ya ce, "Tana nan tana jiranka."