Ɗan Baba da Bindigar Babban Yatsa

A Madarunfa kafin ka ga Ɗan Baba za ka ji shi: faɗap, faɗap, faɗap. Takalmansa ke nan. Ɗan ƙaramin mutum ne siriri, wanda in ya hau jaki sai jakin ya waiwayo ya tabbatar ko an hau. Ƙafarsa lamba talatin da takwas ce, amma tun da ya mallaki hankalin kansa bai taɓa sa takalmi ƙasa da arba'in da huɗu ba. Hujjarsa guda ce: mutum ya tashi takanas har kasuwar Ɗan Isa, ya sha rana, don me zai dawo da ƙarami alhali ga babba a gefensa?

Haka yake a komai. Hularsa kunnuwa ke riƙe da ita. A shekarun da yake zuwa ci-rani Najeriya ya taɓa kawo wa matarsa Ɗelu tukunyar ƙarfe irin ta gidan biki, su kuwa su uku ne kacal a gidan, har da 'yarsu Fiddausi. Yau kaji ke kwana a cikinta. Shekara ashirin da bakwai Ɗelu na cusa masa auduga a bakin takalmi, tun tana magana har ta daina.

Ƙaramin abu ɗaya tak yake ƙauna a duniya: wata jar gyaɗa mai 'yan ƙananan ƙwayoyi, wadda mahaifiyarsa ta taho da irinta daga Gabi a bakin zane lokacin da aka kawo ta aure. Kowa ya koma sabon iri mai manyan ƙwayoyi, shi kaɗai ya rage da ita. Bara gulbi ya yi ambaliya ya cinye gonar, abin da ya tsira tiya ɗaya ce. Ita ya shuka bana a 'yar gonarsa ta hanyar Safo, kunya goma sha biyu. In wannan ta tafi, gyaɗar Inna ta tafi ke nan har abada.

Gyaɗa ta yi kyau, saura kwana goma a cire, sai kurege ya gano ta.

Kurege ɗaya ne, mai guntun bindi, mazauninsa wani tsohon suri a gefen gonar. Ɗan Baba ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar rigarsa, kurege ya riƙa hutawa a inuwarta. Ya jefe shi da hoge, ya kuskure. Ya jefe shi da takalmi, takalmin ya kifa a kansa kamar akurki, ya fita ta gefe da gyaɗa a baki. Cikin mako guda kunya takwas sun zama ramuka.

"Bindiga zan nema," ya gaya wa Ɗelu.

"Baban Fiddausi, kurege fa ka ce."

"Shi ya sa. Ya raina ni."

Ya nufi gidan Haruna Sarkin Baka, tsohon maharbin garin. Bindigoginsa uku ne, duk na toka, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, kowace da takardar izininta a naɗe cikin leda. A gidan Sarkin Baka ba a zaɓen bindiga da ido, da yatsa ake zaɓe. Ya jera su a kan buzu, ya sa ƙaramin yatsansa a bakin ta farko.

"Wannan ta ƙaramin yatsa ce. Kurege, zomo, makwarwa." Ya matsa ga ta biyu. "Wannan ta manuni, gada da biri." Ta ukun bai ma taɓa ta ba, da haɓa ya nuna ta. "Waccan ta babban yatsa ce, ta kakana. Gyado ake harbi da ita, a zamanin da akwai gyado."

Ɗan Baba ya zura babban yatsansa a bakinta, ya ji yana yawo a ciki kamar muciya a tukunya. Nan take ransa ya biya.

A zauren akwai Aliyu, taubashin Ɗan Baba mai kiransa Giwa don tsokana, direban a-kori-kura, wanda ya yi lekol, wato makarantar boko, shekara shida kuma bai bari kowa ya manta ba.

"Nasara kalibir suke ce ma wannan," in ji Aliyu. "Faɗin bakin bindiga. Kai kuwa, Giwa, naka kalibir ɗin na danƙo ne."

"Wa ya sa da kai?"

Sarkin Baka ya ɗaga hannu. "Tambaya uku nike yi kafin in ba da aro. Mi za ka harba?"

"Kurege." Ɗan Baba ya saci kallon babbar. "Da gyado."

"Gyado? A hanyar Safo?"

"Na ga sawu, ranka ya daɗe."

"Sawun jakinka ne," in ji Aliyu.

"Daga ina za ka harba?"

"Taku goma."

"Taku goma ko da takalminka ka iya. To, ta uku: wa zai tare maka baya?"

"Allah."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Bai yarda da zancen gyado ba, amma rabonsa da ganin gyado shekara talatin, kuma zuciyarsa ta ɗan motsa. Ya ce ya ɗauki babbar ya ajiye a gida, ranar Juma'a su tafi tare su duba sawun. In ya zama dole a ɗura, albarushi yatsa biyu, kada ya wuce.

Ɗan Baba ya kasa saɓa ta a kafaɗa, sai a amalanken jaki ya kai ta gida. Ran nan Talata ce. Ya ƙidaya kwana uku zuwa Juma'a, ya ƙidaya kunya huɗu da suka rage, ya ga kurege zai riga Sarkin Baka.

Washegari da hantsi yana gona. Ya kafa wani reshe mai gwafa ya ɗora bakin bindigar a kai. Ya auna albarushi yatsa biyu, ya leƙa, ya ga abin ya yi masa kaɗan a ido. Bindiga kamar wannan a ba ta yatsa biyu, ai wulaƙanci ne. Ya ƙara biyu. Ya tsaya a bayanta, gindinta a kafaɗarsa, bai kula ba cewa taku uku a bayansa akwai tsohuwar rijiyar lambu da ta rufta, ciyawa ta rufe bakinta.

Kurege ya fito. Ya tono gyaɗa a kunya ta tara, ya hau kan suri, ya zauna a kan ƙafafunsa na baya, ya ɓare ta da hannu biyu yana kallon Ɗan Baba kamar yana jiran a miƙo masa gishiri.

Ɗan Baba ya yi bisimilla ya ja kunama.

An ji ƙarar har bakin tabki, inda masunta suka saki taru. Jakinsa ya tsinke igiya, ya kwasa da amalanke babu kowa a kai, bai tsaya ba sai ƙofar gida.

A nan dariya ta ɗan tsaya. Shekarun nan ƙarar bindiga da rana tsaka ba abin wasa ba ce a wannan yanki. Kowa ya san wani da aka ɗauke daga gona, wasu sun dawo, wasu har yau. Akwai waɗanda ko ƙyauren mota aka buga da ƙarfi sai sun nemi bango sun dafa. Mata suka kwashe 'ya'ya zuwa ɗaka, masu shaguna suka ja ƙofa. Ɗelu ta ga jaki babu mai shi, ta zauna a ƙasa daɓas.

Aliyu ne ya kwashi maza a motarsa, da Sarkin Baka, da Ɗelu da ta rantse sai ta je. Suka iske hayaƙi bai gama washewa ba. Bindiga na kwance gefe guda. Kunya uku cikin huɗun nan sun zama kamar an bi su da garma, ganye a ƙone, gyaɗa a farfashe. A tsakiyar fili kuwa ga takalma biyu a jere, suna fuskantar suri, audugarsu a ciki. Babu Ɗan Baba.

"Sun tafi da shi," in ji wani a hankali. "Ko takalmi ba su bari ya sa ba."

Aliyu, wanda tun suna yara bai taɓa kiransa da sunan kirki ba, ya durƙusa ya rungumi takalman ya fashe da kuka. "Ɗan'uwana! Wa zan tsokana?"

Aka bazu ana kira, shiru. Sarkin Baka kaɗai bai kira ba. Ya dubi takalman, ya dubi inda bindiga ta faɗi, ya juya baya ya yi taku uku, ya buɗe ciyawa da sandarsa.

Can ƙasa, a cikin taɓo har ƙugu, Ɗan Baba na zaune, fuska baƙi ƙirin, hula ta rufe ido ɗaya. Bai ji kiran kowa ba, don kunnuwansa ƙara kawai suke yi. Da ya ga kawuna a bakin rijiya sai ya daka tsawa irin ta kurame:

"Na same shi?"

Aka jawo shi da rawanin Sarkin Baka. Ɗelu ta shafa shi tun daga kai har ƙafa, ta tabbatar babu abin da ya ɓalle sai kafaɗa da ta kumbura, sannan ta ɗauki takalmi ɗaya daga hannun Aliyu ta maka masa a gadon baya.

"Wannan na tsoron da ka ba ni ne."

Bai ko ji ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan kunyoyin. Ya tafi ba takalmi, ya tsuguna, ya ɗebi gyaɗar da ta dagargaje a tafin hannu. Abin da kurege zai ci cikin kwana uku, shi ya gama da shi a ƙiftawar ido. Saura kunya ɗaya, ita ma rabinta ta babbake. Babu wanda ya yi dariya. Ya ce, "Inna," a hankali.

Kurege kuwa yana kan reshen kalgo, ko gashi ɗaya bai rasa ba.

"Ɗelu, zo ki gani," in ji Sarkin Baka daga wajen suri.

Harbin ya fasa surin gida biyu. A cikinsa, ɗaki-ɗaki, jar gyaɗa ce jibge da ɓawonta, busasshiya, tsaf-tsaf. Ashe duk ɓarnar nan kurege kaɗan yake ci, sauran ajiya yake yi, kuma ƙosasshiya kawai yake zaɓa. Ɗelu ta kwance gyalenta aka kwashe. Da aka ɓare aka auna a gida, tiya biyu da rabi.

Ɗan Baba ya miƙe, ya gyara hula. "Kun gani?" ya faɗa da ƙarfi. "Da ƙaramar na ɗauko, da wa zai fasa surin?"

"Da ƙaramar ka ɗauko, da kunya huɗu na nan, kunnenka na nan, kuma suri da gatari ake fasa shi," in ji Sarkin Baka. Ya ɗora bindigar kakansa a motar Aliyu. "Ina gyadon?"

"Mi ka ce?"

"Gyado!"

"Ba na ji da wannan kunnen, ranka ya daɗe."

Jandarma sun zo da azahar, suka duba takardar bindiga, suka dubi Ɗan Baba, suka sake duban bindigar. Babbansu ya ja masa kunne sosai a kan firgita gari, sannan ya roƙi a nuna masa takalman. Shi kuwa Ɗan Baba kwana uku yana bin gida-gida yana ba mata haƙuri, wasu sun yafe, wasu sun ce sai ya kawo ƙuli-ƙuli.

Irin yanzu yana hannun Ɗelu, a cikin tulu da toka, an liƙe bakin da laka, kuma tulun ita ta zaɓo shi daidai da gyaɗar. Sarkin Baka ya ƙara tambaya ta huɗu ga masu neman aro: lamba nawa ne takalminka?

Da damina ta zagayo Ɗan Baba ya shuka kunya ashirin da takwas. Biyu na gefen sabon ramin kurege ya ce kada kowa ya taɓa, na mai ajiya ne. Aliyu ya iske shi tsaye yana kallon dabbar tana jigila, fuskarsa ba walwala.

"Giwa, mi ya faru kuma?"

"Ƙarami ne," in ji Ɗan Baba. "Dubi ɗan bakin nan, gyaɗa ɗai-ɗai yake ɗauka. Ba ka san inda zan samu gafiya ba?"