Ranar da na ga mamacin da yayana ya kashe yana sauke doya

Shekarun baya can, lokacin muna zaune a Nukkai, yayana ya yi faɗa da maƙwabcinsa na gona a kan iyaka. Mutumin Bamumuye ne, tare suka tashi, har a kwano ɗaya suke ci. Rai ya ɓaci, Hamma, haka muke kiran yayan nawa, ya kwaɗa masa ƙotar fartanya a ka. Jini ya zuba a gaban jama'a. Washegari aka nemi mutumin aka rasa, sai rigarsa da aka tsinta a bakin kogi duk jini.

'Yan'uwansa suka kai ƙara, aka kama Hamma. Ni da wautata har na ɗinka masa sabuwar riga ranar zuwa kotu, wai da ita zai dawo gida. Majistare bai ma saurari bakinsa ba. Ya ce maganar kisan kai ta fi ƙarfin kotunsa, ba shi da ikon ba da beli, a kai shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati.

Na tare lauyanmu a waje. “Barista, ai ba a ga gawa ba!”

Ya ce, “Adda,” haka ake kirana, “sunan laifin ake dubawa tukuna. Beli sai babbar kotu, can ma da wuya.”

Damina ta wuce, wata ta shigo. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a sake shi ba. Gonarsa ta koma ciyawa. Mahaifiyata ta daina fita unguwa saboda nuni da ake mata.

Wata safiya na je tasha karɓar saƙon yadi, sai na hango wani a kan mota yana miƙo doya. Ya juyo. Maƙwabcin Hamma ne, ga tabo a goshi. Wallahi takalmina ɗaya a can na bar shi. Na ruga ina salati ina cewa fatalwa, 'yan kamasho suna ta dariya. Shi ya biyo ni.

“Adda, ni ne fa! Yaya Hamma, yana lafiya?”

Ashe kunyar dukan ce ta kore shi. Ya wanke ciwon a kogi, ya yar da rigar, ya bi mota zuwa aikin gonar koko can iyakar Kamaru, inda ko waya ba ta shiga. Da na gaya masa inda Hamma yake, a ƙasa ya zauna, ya ɗora hannu a ka yana “Yesu, Yesu.”

Na ɗauka ranar za a buɗe wa Hamma ƙofa. Ina! Lauya ya ce umarnin kotu ne ya shigar da shi, umarnin kotu ne zai fito da shi. Makonni muka ƙara. Da idona na ga mamacin a layin masu ziyara, riƙe da kular tuwo, ya zo gaida wanda ya kashe shi.

Ban ce a riƙa sakin duk wanda aka kama ba. Hamma ya yi duka, shi ma ya sani, sun kuma yafi juna. Amma tun lokacin, in na ji an ce wane yana jiran shari'a, gabana faɗuwa yake yi. Ranar da ya fito muna ta guɗa, shi ko murmushi bai yi ba. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, “Na baro mutane cike da ɗaki a can. Wasu sun riga ni shiga. Su nasu mamacin ba zai sauko daga motar doya ba.”