Siminti da Kwalba a Bakin Magini

Ko da zan kai shekarun tsohuwar kukar bakin kasuwarmu, ba na jin zan manta da ranar da na gudu daga kujerar likitar haƙori, auduga a baki, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni magini ne, shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da cokalin gini. Daga Bangi har Madawa, in ka ga katanga ta miƙe cak kamar soja gaban kwamanda, tawa ce. In ta karkace, ta wani ce.

Abin ya faro daga turmina na hagu, na ƙasa. Turmin baki nake nufi, wanda ake tauna da shi. Na dama tuni goro da rake suka sallame su, saboda haka duk tsire, kilishi da gasasshiyar masarar ƙasar Adar ta kan wannan bawan Allah guda suke bi. Sai ya yi kogo. Kogo kuwa ba na wasa ba, in ƙwayar gero ta faɗa ciki sai ka ji amsa-kuwwa.

Lokacin ina aiki a wani santiye, wato wurin babban gini, a birni, sai na je aka cike mini shi da wani farin abu mai kama da ƙaro, wai shi rezin, wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare. Aiki ya yi kyau, ba ni da ta cewa. Jikina ne ya ƙi baƙon. Kwana biyu dasashi ya yi jawur, kunci ya saɓule daga ciki, leɓe ya kumbura har ina ganinsa ba tare da madubi ba. Da na dawo gida uwargida ta kalle ni ta ce, "Maigida, wa ya musanya maka baki da na raƙumi?"

Ita ta matsa sai da na tafi asibitin mishan. Likitar haƙorin ƴar gida ce, Kirista, ni na gina wa mahaifinta ɗaki biyu tun tana lakwal, makarantar boko ke nan, shi ya sa Kawu take ce mini. Ta duba ta ce jefi-jefi ana samun masu irin jikina da rezin ba ya karɓarsu, za ta fid da shi ta sa wani abin da ya fi sauƙi ga jiki. Ta yi mini allura, ta kankare farin abin nan tas, ta cusa auduga. Sannan ta juya ga matar da ke miƙa mata kayan aiki, ta yi magana da Faransanci.

Nan ne ilimina ya cuce ni. Ban yi lakwal ba, amma Faransancin santiye buhu-buhu nake da shi. Cikin maganarta kalma biyu suka faɗo kunnena, "sima" da "ber". Sima siminti ke nan. Ber kuwa gilashi. To wa zai gaya wa magini abin da ake yi da siminti da gilashi in sun haɗu? Ni da hannuna na jera fasassun kwalabe bisa katangun alhazan albasa, don ɓarawo in ya kama ya bar yatsunsa nan. Nan take na hango bakina ya zama katangar Alhaji, harshena shi ne ɓarawon.

Tana juya baya na diro daga kujera.

"Kawu! Ina za ka?"

"Hitsari, ɗiyata!"

Fitsarin da bai tsaya ba sai tashar mota.

Washegari kasuwar Bangi take ci. Na nufi rumfar wanzami, abokina tun na ƙuruciya, wanda ban da aski yakan cire haƙori da awartaki. Na riga na yanke shawara, gara in ƙare rayuwata da fura da kunu da a dasa mini kwalba a baki. Na zauna bisa tabarma na ce, "Hid da shi in huta."

Ya wanke awartaki, ya danne mini goshi da hannu ɗaya. Na ji sanyin ƙarfe ya kama turmin. Na runtse ido, ina yi wa tsire bankwana cikin zuciya. Ya ɗan taɓa, ya sake taɓawa, sai ya saki.

"Kai, wanga haƙori ko motsi ba ya yi. In na hid da shi, da mi za ka tamna? Da gwiwa?"

Na ba shi labarin sima da ber. Bawan Allah ya yi ta dariya har ya tuntsure daga kujerarsa, masu jiran aski suka taya shi ba su ma san dalili ba. Da ya samu numfashi ya wangame baki gabana, ya nuna wani turmi da yatsa.

"Dibi nan. Shekara ukku ke nan. Ita ta sa min. Ka ga kwalba?"

Na leƙa har hancina ya kusa shiga. Ba kwalba, sai wani ɗan fari-fari lafe cikin haƙori kamar shafen gwani.

"Kai da kake cire ma mutane?"

"Wanda ya ruɓe ya gama nika cirewa. Nau ina son abina. Tashi ka ba ni wuri, maginin banza!"

Komawa asibitin nan ta fi mini hawa bene da buhun siminti nauyi. Ina shiga na tarar da takalmina an ajiye shi a gefen ƙofa. Likita ta ce, "Kawu, sannu da hitsari." Na ce mata layi ne ya yi tsawo.

Da na faɗa mata gaskiya ba ta yi mini dariya sosai ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ɗauko ƴan kwalabe biyu, ɗaya da gari, ɗaya da ruwa, ta zuba mini garin a tafin hannu. Na murza. Wallahi ya fi kwalli laushi. Ta ce gilashi ne kam, amma na musamman, an niƙe shi har ba ya yanka, kuma suna kawai ya haɗa shi da simintinmu. Irin wanda za ta sa mini babu rezin a ciki, yana kama haƙori da kansa ba sai da fitila ba, yana kuma sakin wani sinadari da ke taimaka wa haƙori kada ya sake ruɓewa. Ba ta ɓoye mini aibinsa ba: bai kai rezin ƙarfi ba, yana iya cinyewa a hankali, sai in riƙa zuwa tana dubawa.

Ta kwaɓa a kan ƴar takarda, ni kuwa ina sa ido irin na shugaban santiye.

"Ɗiyata, kwaɓin ga bai yi ruwa ba?"

"Kawu, buɗe baki."

Minti kaɗan ta gama, ta shafa masa wani mai a kai. Na tambaye ta kwana nawa zan yi ina ba shi ruwa safe da yamma kamar sabon daɓe. Ta ce wannan simintin ba ya son ban-ruwa, abin da yake so in daina buɗe kwalbar lemo da fasa goruba da haƙori. Cikin mako guda leɓe ya sace, raƙumi ya karɓi bakinsa.

Yau shekaru ke nan. Sau ɗaya ta ƙara masa shafe, turmi yana nan yana aiki, masu tsiren Madawa shaidu ne. Abin da na koya shi ne, rabin sani ya fi rashin sani haɗari. Wanda bai ji Faransanci ba ko kaɗan da ya zauna an yi masa aikinsa lafiya, ni mai kalma biyu na kusa ba da haƙorina ga awartaki. Tambaya ɗaya ce ta gagare ni, don ina ganin babu mai koya wa magini siminti. Yanzu ko a santiye na ji kalmar da na sani, sai na ce, "Wane iri?" Kuma duk ranar da wani Alhaji ya ce in jera masa kwalabe bisa katanga, kafin in amsa sai harshena ya je ya gai da turmi.