Alkasum Mai Ganin Wata da Kwaɗon Mata

A wani ƙauye na ƙasar Droum, a Damagaram, an yi wani manomi, Alkasum, wanda Allah ya hore wa kaifin ido. Duk shekara in watan azumi ko na Sallah ya kusa tsayawa, shi ake sawa gaba a hau tudun da ke yamma da gari. Sauran maza na ta ƙifce-ƙifce, suna nuna bakin gajimare suna cewa wata ne, shi kuwa sai ya miƙa yatsa ya ce ga shi can. Ba a taɓa kama shi da kure ba. Ba malami ba ne, ba shi da sarauta, idon nan shi ne dukan girmansa a gari, kuma ya san da haka sarai.

Ya taso lokacin da gyaɗa ke tashe a Damagaram, don haka ya ɗauki gona a matsayin wurin gero da gyaɗa kawai. Aduwa, magarya, jiga, duk itacen da ya tarar a gonar ubansa sai da ya sa masa gatari, wai inuwa na cinye masa amfani. Cikinsa ma haka ya share shi. Abinci a wurin Alkasum biyu ne, tuwon gero da fura mai nono. Kwaɗon ganye kuwa na mata ne da yara, abin da suke ci da hantsi in maza sun fita. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, duk magidantan garin haka suka gada, shi dai ya fi kowa faɗi.

Matarsa Barira tana da ƴar gayaunarta a gefen gonar. Alkasum kan ce da ita juji, domin babu abin da babu a ciki: wake, yakuwa, kuɓewa, tafasa mai fitowa da kanta, ga wani gawo da ta hana a taɓa saboda awakinta na cin ƴaƴansa da rani. Kowace kaka sai ta shanya ganye ta cusa a tukwane, ya wuce yana girgiza kai.

Sai ga damina ta shekarar tamanin da huɗu. Ruwa ya yi ɗan yayyafi ya ɗauke, iska ta bi gonar Alkasum, wadda ba ta da ko kututture, ta binne shukar da rairayi. Shanunsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, nono ya yanke. Ɗansa ya tafi kudu neman abin kai wa baki, ya bar matarsa da yara a gidan. Daga baya kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa kawo hatsin taimako, ana auna wa kowane gida ɗan abin da ya samu.

Barira ta yi abin da aka koya mata tun tana yarinya. Hatsi na maigida ne, shi ake fara zuba wa, shi ake cika wa akushi. Sau ɗaya ta jefa ganyen jiga a miyarsa, ya ture akushin a gaban baƙo ya ce shi ba akuya ba ne. Daga ranar miyarsa ta koma ruwa da gishiri da barkono. Ita da surukarta da jikoki suka koma kan tukwanen nan da abin da daji ya rage: busasshiyar tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, sabon tohon aduwa, garin magarya, wake tsinci-tsinci, fara in an kama, ƴaƴan anza da ake jiƙawa ana sake mata ruwa har ɗacinta ya fita, da ɗan nonon akuya. Ba don ta san wani sirri take yi ba. Ita kanta tausayin kansu take ji, tana ganin shi ke cin abinci su suna cin wahala.

Kafin bazara ta yi nisa, Alkasum ya fara lura da wani abu da bai faɗa wa kowa ba. Da rana yana gani ras, amma da rana ta faɗi sai duniya ta rufe masa. Ya koma fita sallar magariba da wuri, yana dawowa yana bin darni da hannu. Idon hagu ya bushe, yana masa kamar an zuba yashi. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ga azumi ya ƙarato.

Ranar duban wata aka sa shi gaba kamar kullum. Ya tsaya kan tudu, jama'a na bayansa suna jira. Ya duba, ya murza ido, ya sake dubawa. Maigari ya ce, "To, Alkasum?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban gani ba."

Aka watse a kan sai jibi. Ba a jima ba rediyo ta ce an ga wata a wurare da dama, gobe azumi. Ba wanda ya ce masa komai, shirun ne ma ya fi ci masa rai. Yana shiga gida ya yi karo da turken akuya, ya faɗi warwas a tsakar gida.

Barira ta ɗaga shi ta kakkaɓe masa riga. Ta ce, "Malam, dundumi gare ka, na daɗe da ganewa. Watan nan ni na gan shi ina ɗaure awaki, yana saman gawo."

Ya ce, "Ke?"

"Ni. Har yaran nan sun gani. Duk gidan nan kai kaɗai ke lalube, kuma kai kaɗai ne ba ka cin abin da muke ci. Hanta aka sani da maganinsa, ina hanta bana? Ka gwada namu, in bai yi ba ka koma wa tuwonka."

Ya laluba ya shige ɗaki. Washegari da aka sha ruwa, ta ajiye masa ƙwaryar kwaɗo kusa da akushi. Ya sa aka saki asabarin ɗaki tukuna. Ya ci yana yamutsa fuska, ya ce da ɗaci, ta ce eh da ɗaci. Haka aka yi ta yi duk azumin, ganye yau, wake gobe, nonon akuya a kunun sahur, kullum a bayan asabari. Mutumin da ya sare jigar gonarsa ya koma tambaya ko akwai sauran jiga.

Wajen tsakiyar wata ya daina bin darni. Idon dama ya dawo. Na hagu kuwa an makara, wani fari ya riga ya zauna a kan ƙwayar, bai ƙara tashi ba har ya bar duniya.

Da duban watan Sallah ya zo, ya ce ba za shi tudu ba, ƙafa na masa ciwo. Kunya ce ke masa ciwo, kowa ya sani. Yana zaune a tsakar gida bayan an sha ruwa, yau ko asabarin bai nema ba, ƙwaryar kwaɗo na gabansa. Ya ɗaga kai haka kawai, sai ga watan siriri a saman darni. Ya miƙe da ganye a baki, ya fita ba takalmi ya nufi tudu yana kiran maigari. Mazan da ke kan tudu suka bi yatsansa, can suka ce wallahi shi ne.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka yana duban wata da ido ɗaya. Ya bar ƴan itatuwan da suka toho a gonarsa suka girma, in an tambaye shi sai ya ce gatarin ne ya yi masa nauyi.

Amma a wancan yammacin na duban watan Sallah, ana saukowa daga tudu, amininsa Inusa ya riƙe masa hannun riga. Alkasum ya lura riƙon ba na zumunci ba ne, mutumin ba ya ganin inda yake taka ƙafa. Inusa ya rage murya ya ce, "Don Allah wane malami ya yi maka rubutu? Ni ma tun kafin azumi nake haka, ban faɗa wa kowa ba."

Alkasum ya waiwaya. A bayansu akwai magidanta da dama da ke saukowa a hankali, kowa na laluben ƙasa da ƙafa yana yi kamar ba komai. Ya ja Inusa gefe ya ce, "Ka je gida yanzu, kada ka bari sai gobe. Ka tambayi matarka abin da take ci in ka fita."